Wa Ya Kashe Sarki Aka Yi Masa Guɗa? Kacici-kacicin Daura Da Zamanmu A Ushafa



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda ake buɗe wasan kacici-kacici. Bayan an ci tuwon dare, yara sun kewaye kaka ko wata babbar yaya, sai mai tambaya ya ce ƙulunƙulufita, a amsa masa da gauta. Daga nan sai ya jefo tasa: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Mai kaifin kai ya ce tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, a ce wuta da hayaƙi. In kuwa tambaya ta gagari kowa, akwai doka, sai a ba mai tambaya gari. A ce masa an ba ka Kano, ko an ba ka Katsina. In garin ya yi masa ya karɓa, sannan ya faɗi amsa. Ku riƙe wannan doka ta ba da gari, za mu buƙace ta a gaba.

Waɗancan misalai biyu suna ɓoye abu ne a bayan wani hoto. Akwai wani iri da ya fi su wuya, wanda ke ɓoye amsa a cikin kalmar kanta, ta yadda ko ka faɗi daidai mai tambaya na iya ce maka da saura. Irinsa muka kawo yau. Mun ɗauko shi daga tarihin da kowa ya sani, muka ɗaure shi yadda ake ɗaure na dandali: baƙo ya sauka gari da dare, kafin asuba ya kashe sarki. Da gari ya waye, maimakon a tsire shi sai aka rangaɗa guɗa, aka aura masa mai garin. A ina aka yi haka, kuma wa aka kashe?

Ɗan firamare ma zai ce Daura ce, Bayajidda ne, macijiya aka kashe. Ya faɗi gaskiya, sai dai amsa ɗaya ya bayar, alhali kusan kowane suna a cikin wannan labari ma'ana biyu gare shi, wani ma uku. Abin da ya sa muka ga ya dace mu warware shi a nan shi ne, a cikin sunayen akwai Bagwariya, akwai Karɓagari, akwai Banza Bakwai. Mu kuwa a ƙasar Gbagyi muke zaune, a nan muke neman abinci, a nan muke haihuwa. Amsar da muka zaɓa muka koya wa 'ya'yanmu tana bin su har makaranta da kasuwa.

YADDA KALMA KE YIN HARSHEN DAMO

Hausawa na kiran magana mai ma'ana biyu harshen damo, saboda harshen damo a rabe yake gida biyu. Hausa kuwa ta tanadi kayan yin irin wannan magana. Muna bambanta kalmomi da hawa da saukar murya, muna kuma bambanta su da jan wasali ko taƙaita shi. Garin da ake zama a ciki daban, garin da ake tuƙa tuwo da shi daban, jan wasalin farko ne ya raba su. Fari na iya zama launi, ko ɗaukewar ruwan sama ana tsakiyar damina, ko farko kamar a ɗan fari, ko wanda budurwa ke yi da ido. Kuka itace ce, kuka kuma zubar hawaye ne. Baba mahaifi ne, baba kuma shi ne abin da marina ke zubawa a karofi. Wasu kalmomin ko a baki ba su rabu ba sai zancen da ke kewaye da su ya raba, kamar ja na launi da ja na igiya.

Kunne yana raba mafi yawan waɗannan, takarda ce ba ta rabawa. Ajami yana iya nuna dogon wasali amma ba ya nuna karin murya. Rubutun boko da muke yi yau, wanda ya fara kafuwa tun makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa da Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934 sai da ya sa wa kalmomi alamomi na musamman.

Labarin Daura ya daɗe yana yawo a bakin mutane kafin a rubuta shi. Daga baya ya shiga takardun malamai, sannan Turawan mulki suka fassara shi, E. J. Arnett a 1910, H. R. Palmer a 1928. A farkon shekarun 1930 ya fito da boko a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya, daga nan ya shiga littattafan makaranta. Duk lokacin da aka fassara suna mai harshen damo, dole mai fassara ya zaɓi ma'ana ɗaya ya bar ɗaya. Wadda aka zaɓa ita ce aka haddace, wadda aka bari sai mai tono.

LABARIN A TAƘAICE

An ce Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya baro gida da mayaƙansa ya sauka Borno, sarkin Borno ya aura masa 'yarsa Magira. Da ya ga an raba shi da mutanensa ana shirin halaka shi, sai ya gudo yamma da matarsa tana da ciki. Ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, domin akwai macijiya a rijiyar Kusugu da ake kira Sarki, ita ke hanawa. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, ya ɗebo ruwa. Da safe sarauniya Daurama ta ce wanda ya yi wannan aiki za ta ba shi rabin gari. Da aka gano shi ne, ya ce ba ya son rabin gari, ita yake so. Daga nan aka riƙa kiransa Makas-Sarki.

Daurama ta ba shi kuyanga, Bagwariya, wadda ta riga ta haihuwa ta sa wa ɗanta Karɓagari, wasu na cewa Karaf-da-gari. Da Daurama ta haifi nata sai ta sa masa Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka ce su ne Banza Bakwai. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura har gobe, ana zuwa ganinta.

AMSA UKU A KAN SARKI

Amsa ta farko ita ce ta yara: Sarki sunan macijiya ne, don haka ba a kashe mai sarauta ba, babu laifin da za a tsire baƙo a kai. A wasu ruwayoyin ma sunanta Ki, har ake cewa daga "sare Ki" kalmar sarki ta fito. Wannan bayani yana da daɗin ji, amma in muka ajiye sarki kusa da sarauta da sarauniya za mu ga tushensu ɗaya ne, kuma babu Ki a cikin biyun ƙarshe. Wasa da kalma ne irin na magabata, kamar yadda ake cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito.

Amsa ta biyu tana fitowa in aka ɗauki kalmar yadda take. Makas-Sarki na nufin wanda ya kashe sarki. Jerin sarautar Daura ya fara ne da mata, magajiyoyi, tun daga Kufuru, kuma bayan zuwan wannan baƙo sai jerin ya koma maza. Wato a daren nan wani tsarin mulki ya mutu, wani ya tsaya a madadinsa. Mai ba da labari a fada ba zai miƙe ya ce baƙo ya karɓe sarautar gidan nan ba. Sai ya ce an kashe Sarki a rijiya, mai hankali ya gane, yaro kuma ya samu tatsuniya.

Amsa ta uku tana cikin rijiyar. Abin da ke hana gari ruwa kwana shida ya ba su rana ɗaya, kowa na tsoronsa, ba a taɓa shi, ya fi kama da abin bauta da masu tsaronsa. Tarihin Kano ya kawo irin wannan a labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala. Can yamma kuma, Soninkawan tsohuwar daular Gana suna da labarin macijin Wagadu mai suna Bida, sai dai a wurinsu kashe shi fari ya jawo, gari ya watse, a Daura kuwa kashe ta ruwa ya kawo. A wannan fassara, abin da aka kashe tsohuwar bauta ce da ikon da take ba masu riƙe da ita. Wanda ya riƙe wa gari ruwa ai shi ne sarki, ko da rawani ko babu.

Amsoshin nan uku ba sa korar juna. Gwanintar wanda ya ɗaure labarin ita ce ya samo kalma ɗaya da ta ɗauke su duka.

SUNAN BAƘON DA NA 'YA'YANSA

Shi kansa Bayajidda sunansa tambaya ce. A bakin Hausawa ana warware shi da "ba ya ji da", wato da can ba ya jin harshen garin. Masu bincike kuma, irin su Palmer da W. K. R. Hallam a rubutunsa na 1966, sun ga sunan Abu Yazid a ciki, wani mutumin Arewacin Afirka da ake wa laƙabi da mai jaki, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye aka kashe shi a 947. Suna ganin wasu daga mabiyansa sun tsallako Sahara bayan an ci su da yaƙi. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, a 1970, ya ja hankali cewa garuruwa da sarautun Hausa sun ginu ne a hankali daga ƙauyuka da kasuwanni da ganuwa, ba mutum ɗaya ne ya zo ya kafa su ba. Ko wace fassara mutum ya bi, akwai abin lura a ta farkon. Labarin da muke taƙama da shi ya ce kakan sarakunan Hausa baƙo ne da ya shigo gari ba ya jin Hausa, kuma tsohuwa ta ba shi masauki duk da haka.

Sunayen 'ya'yan kuwa habaici ne tsakanin kishiyoyi, abin da kowace uwa a cikinmu ta san yadda ake yi. Bagwariya ta ce an karɓi gari. Daurama ta mayar mata da cewa a bawo shi, wato a dawo da shi. Kamar dai dokar dandali ce aka juya, wannan ta ce na ci gari, waccan ta ce ba a ba ki ba.

Amma Bawo ma yana da wata fuskar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya kawo ruwayar da ke cewa sarakunan waɗannan ƙasashe sun fito ne daga wani bawan sarkin Borno mai suna Bawo, in ban da Gobirawa. Tsakanin Bawo da bawa wasali ɗaya ne. A fadar Daura sunan na nufin a mayar wa mai abu abinsa, a ruwayar da ta biyo ta Borno kuma yana nuna wanda ke ƙarƙashin wani. Kowane ɓangare ya ji abin da ya dace da matsayinsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa Bahaushe ya yi hattara da gorin asali, domin takardar da za a ɗauko a ce wane ɗan kuyanga ne, akwai wata a gefenta da ta ce kai ma jikan bawa ne.

BAGWARIYA DA BANZA BAKWAI

Bagwariya na iya zama sunan mace ɗaya, yana kuma iya zama bayanin asali, kamar a ce Bakatsiniya ko Banufiya. In na biyun ne, labarin yana cewa ɗan da Bayajidda ya fara samu a Daura, wan Bawo uba ɗaya, ɗan mutanen nan ne da muke zaune a ƙasarsu.

Jerin Banza Bakwai da aka fi sani shi ne Zamfara, Kabi, Nupe, Gwari, Yawuri, Yarbawa da Kwararrafa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shigo Katsina da Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta wannan jeri, ya bayyana su da ƙasashen da Hausa ta yaɗu a cikinsu, ya kuma ce cikin raha ake kiran su haka. Wannan shaida ce mai muhimmanci, domin ta nuna shekara fiye da 170 da suka wuce masu faɗin kalmar sun san wasa suke yi. Har yanzu ma akwai wasan barkwanci tsakanin Katsinawa da Nufawa, da tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ɗaya daga wannan bakwai ɗaya daga waccan. Jerin kansa bai tsaya a kan harshe ba, tunda Zamfarawa da Kabawa Hausa suke yi tun fil azal.

Littattafan Turawa da yawa sun fassara banza da 'ya'yan da ba na halal ba, wasu malaman makaranta suka bi su. Wannan fassara ba ta zauna ba ko a ma'aunin labarin. Bagwariya ƙwarƙwara ce da matar gida ta bayar da hannunta. A shari'ar Musulunci ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana cin gado daidai da ɗan matar aure, yana kuma hawa gadon sarauta. A Bagadazan da aka ce Bayajidda ya fito, Halifa Ma'amun ɗan Haruna Rashid ɗan ƙwarƙwara ne, ɗan uwansa Amin kuma ɗan Zubaida ne, 'yar gidan sarauta. Su biyun sun yi yaƙi a kan gari, rundunar Ma'amun ta ci Bagadaza a 813, Amin ya rasa ransa. Ba wanda ya ce Ma'amun ba ɗan halal ba ne. Abin da ya faru shi ne 'yan uba sun bar maganar karɓe gari da dawo da gari ta kai su ga zubar da jini.

DAGA DAURA ZUWA GINDIN DUWATSUN NAN

A rabon ayyukan da labarin ya yi wa jikokin Bayajidda, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato rini, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi, Zazzau kuma sarkin bayi, saboda ita ce ke kudu. Kudun nan da ake nufi ta haɗa da ƙasar da muke ciki. Wannan ɓangare ne na tarihi da maƙwabtanmu ba su manta ba, bai kamata mu yi kamar ba mu san shi ba.

Bayan an fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya sauka Zuba. Ya rasu a wajen yaƙi a Lapai a 1825. Ɗan uwansa Abubakar, da ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa, Abuja. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi da Hausa, aka fassara shi da Turanci a 1952. Tun daga lokacin, in aka ce Sarkin Zazzau sai an tambaya wanne, na Zariya ko na nan, kamar yadda ake da Sarkin Katsina a Katsina da kuma a Maraɗi. Zaman masarautar da Gbagyi da Koro ya ƙunshi ciniki da auratayya da taimakon juna a yaƙi, ya kuma ƙunshi hari, har ɗaya daga sarakunan, Ibrahim Iyalai wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, ana masa laƙabi da Dodon Gwari.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda. Aka yanko ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga Neja, Filato da Kwara, aka mayar da mallakarta hannun gwamnatin tarayya. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991. Don haka ko tambayar ina ne Abuja amsa biyu gare ta. In ka karanta cewa Ladi Kwali, Bagbagyiyar da hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja a 1954, Suleja ake nufi. Garki, Wuse, Maitama, Jabi da Asokoro kuwa duk sunayen ƙauyuka ne kafin su zama unguwannin manya, kuma Sabon Wuse da ke jihar Neja sunansa ya faɗi dalilin kafa shi.

To a nan wa ya karɓi gari, wa ke cewa a bawo? A labarin Daura ɗan Bagwariya ne aka ce ya karɓa. A tarihin ƙasar nan abin ya juye, jikokin Bagwariya su ne suka ba da gari, su ne kuma ke kukan filaye da gonaki da diyya. Wanda ya haddace amsa ɗaya tak ba zai iya jin wannan kuka ba, domin a kansa an riga an raba wa kowa matsayi tun a rijiyar Kusugu.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ushafa garin Gbagyi ne a ƙaramar hukumar Bwari, kusa da madatsar ruwan Usuma da ke shayar da birnin tarayya. Abin da ya fitar da sunansa duniya aikin hannun matan garin ne. Tukwanensu ne suka kawo shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agusta 2000, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa. Ku duba, garin Gbagyi ya karrama babban baƙonsa da sarauta mai sunan Hausa. Haka harsunan da al'adun suka shiga juna a nan.

Amma mun kuma ga abin da ya faru a Bwari ranar 25 ga Disamba 2017, da rikici ya ɓarke aka ƙona kasuwa, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita. A cikin abubuwan da suka daɗe suna ci a ƙasa kafin ranar akwai taƙaddamar sarauta, tsakanin kujerar Sarkin Bwari da ta Esu Bwari. Wani yana jin kalmar sarki a matsayin sunan muƙami kawai, wani kuma yana jin ta a matsayin an karɓe masa gari. Wuta da ta tashi ba ta tambayi rumfar wa take ci ba. Masu ƙaramin jari na kowane ɓangare su suka kwana a ciki.

Saboda haka muna roƙon iyaye da malaman makarantun boko da na Islamiyya, in za a ba yara labarin Bayajidda a ba su shi da amsoshinsa duka. A gaya musu Karɓagari da Bawo uba ɗaya suke. A gaya musu banza a wannan wuri kalmar raha ce ta tsakanin dangi, ba hukuncin asali ba. A gaya musu shi kansa mai labarin sunansa na cewa ya zo ba ya jin harshen gari.

Muna kuma roƙon matasanmu na kasuwa da tasha da masu acaɓa su kula da bakinsu. Mutanen nan sunan da suke kiran kansu shi ne Gbagyi, kuma kiran mutum da sunan da yake so ba ya rage wa kowa komai. Al'adar ce wa duk wanda ya yi kuskure ko ya kasa magana bagware, ko a ce yana gwaranci, ta kai a bar ta. Wani zai ce ai wasa ne, kakanni ma sun yi. Gaskiya ne sun yi, amma wasan taubasai yana da sharaɗi, sai in kowa ya yarda da shi kuma kowa na da bakin ramawa. Bakatsine ya tsokani Banufe, Banufe ya rama, a yi dariya a watse. In kai kaɗai ke dariya, wanda ka faɗa wa ya tafi da abin a zuci, wannan ya tashi daga wasa. Mu tuna kuma yawancinsu suna jin Hausa sarai, mu kuwa ƙalilan ne a cikinmu ke iya gaisuwa da Gbagyi. In ana neman wanda ba ya ji, ba sai an je nesa ba.

Duk wata ƙaramar rigima ta rumfa, ko iyakar fili, ko faɗan yara, a kawo ta gaban dattawanmu da masu garin tun tana ƙarama, kafin masu neman abin faɗa su sa mata rigar ƙabila. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A dandali, garin da ake ba mai tambaya na baki ne. Ya karɓi Kano ya yi murna, ya faɗi amsa, kowa ya tashi ya koma ɗakin uwarsa, ba wanda ya rasa gida. Manya ne in suka ɗauki wasan da zafi ake kwana a waje. Mutanen Daura na da sun zuba maganar mulki da baƙunta da kishi a cikin sunaye masu harshen damo domin a iya faɗin gaskiya mai ɗaci ba tare da an zare wuƙa ba. Wannan dabara gadonmu ce, kuma a inda muke zaune muna buƙatarta fiye da 'yan uwanmu da ke gida.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Ushafa da Bwari da ƙasa baki ɗaya lafiya, Ya sa albarka a neman kowa, Ya haɗa kanmu da maƙwabtanmu a kan alheri. Amin.

Sakataren ƙungiya